Gwaggo da Jariran da Ba a Yi wa Guɗa Ba

Gwaggo ta rasu ranar Talata bayan la'asar, ana tsakiyar yankan hatsi. Yayar mahaifina ce, kuma ita ce ungozomar ƙauyenmu da ke gabas da Gangara sama da shekara arba'in. Kafin labari ya same ni a Gazawa, inda nake koyarwa a lakol, makarantar boko, in samu babur ɗin kabu-kabu in iso gida, har an yi mata sutura an kai ta. Ban ga fuskarta ba.

Kwana uku muka yi zaman makoki. Na zaci gidan zai cika ya batse, don da wuya ka nuna baligi ɗan ƙasa da arba'in a ƙauyen nan wanda ba ita ta yanke masa cibiya ba. An zo, ba laifi, sai dai lokacin aiki ne, hankalin kowa yana gona. Mata su shigo su zube a tabarma, a yi ya haƙuri, a yi addu'a a shafa, kafin ka ankara hira ta koma kan farashin tiyar wake.

Abin da aka fi faɗa a kanta shi ne, "Allah ya jiƙan Gwaggo, bakinta da nauyi." Wata maƙwabciyarmu, wadda ba ta lura ina bayanta ba, ta raɗa wa ta kusa da ita, "To, rumbun asiri ya shiga ƙasa. Yau wasu za su yi barci har da minshari." Waccan ta ce, "Ni dai tun da nake, gabana faɗuwa yake in na ga ta fito daga ɗakin haihuwa shiru."

Akwai kuma baƙin da ba mu san su ba. Wata mata ta zo a ƙasa, ƙafafunta duk ƙaiƙayin gona, ta wuce inda muke zaune ta je ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Gwaggo. Ta yi kukanta a hankali har azahar. Da Inna, mahaifiyata, ta tambaye ta daga ina, sai ta ce, "Daga nesa." Ba ta ƙara ba. Washegari wani magidanci mai gemu ya sauke damin hatsi biyu daga amalanke a ƙofar gida, ya zauna cikin maza. Baba ya ce, "Ɗan wane gida ne, ban gane ka ba?" Ya ce, "Ita ta san ni, Baba." Ya yi addu'a ya kama jakinsa ya tafi.

Shi Baba bai yi kuka ba. Idonsa ya yi rauni yanzu, kusan kullum a zaure yake wuni. Ranar uku, bayan an watse, na kai masa fura. Ya riƙe ƙwaryar ya daɗe bai sha ba, sannan ya ce, "Yanzu wa zai riƙa yi mini gardama a gidan nan?"

Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Waɗanda suka fi sanin abin da ta yi ba za su iya faɗa ba, domin faɗar alherinta tona asirin kansu ne. Ni ma sai da na nemi izinin 'yata kafin in ɗauki alƙalami, tun da labarin ya shafe ta. Ta ce, "Rubuta, Mama, amma kar ki sa sunan kowa." Haka ita ma Gwaggo za ta ce.

Ɗakinta yana can ƙarshen gida, bayan rumbuna, inda hayaniyar tsakar gida ba ta kaiwa sosai. Ba ta da tarkace. Gadon kara, tukunyar ruwa, tasa ɗaya, da wani ƙaramin kwando mai murfi inda take ajiye sabuwar reza, zare da sabulu. Doguwar mace ce siririya, ba ta cika dariya ba, amma in abu ya ba ta dariya sai ta rufe baki da gefen zane kafaɗunta su yi ta rawa. Ba ta cin abinci a gidan da ta karɓi haihuwa sai ranar suna. Ta ce ungozomar da ta saba da tukunyar mutane, harshenta ma zai saba da zancensu. Kuma in jariri ya faɗo, ba ta barin kowa ya leƙa. Takan juya wa mata baya, ta duba shi ita kaɗai daga kai har tafin ƙafa, sannan ta ɗaga kai ta ce a yi guɗa.

Wani lokaci, sau ɗaya a shekaru masu yawa, ba ta cewa a yi. Takan naɗe jaririn da kanta, ta ce wa matan da ke ɗakin, "An sauka lafiya. Ku je ku ɗora ruwa." Sai ta rage daga ita sai mai jego.

Muna yara mun san kalmar da ake raɗawa in haka ta faru: mata-maza, jaririn da aka duba gabansa aka kasa cewa namiji ne ko mace. Gwaggo ta tsani kalmar. Na taɓa faɗarta a gabanta ina 'yar shekara goma, ta kama kunnena ta murɗe, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce, "Ɗan mutum ne. Mu ne idonmu bai kai ba."

Kowa a ƙauye yana da dalilinsa na abin. Wasu su ce uwar ta yi wanka da almuru. Wasu su ce ta bi ta ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana, ko ta ɗaga kai ta kalli wata a daren da ya yi husufi, ko ta yi wa wani mai naƙasa dariya. Duk dalilan a kan uwa suke sauka. Gwaggo ba ta musu da kowa, amma tana bin su ɗaya ɗaya. In tana gasa wa mai jego jiki da ruwan zafi sai ta riƙa jefa tambaya kamar hira. Wace rijiya kuke sha? Mi kika fi ci da cikin nan? Kin sha wani jiƙo? Mijinki ɗan wa ne? An taɓa rasa jariri a gidanku, yana da kwana nawa? Ba ta iya rubutu ba, a ka take riƙewa. Bayan na girma ta taɓa ce mini, "Tsamiyar bakin rijiya, wace mai ciki ce a garin nan ba ta bi ta ƙarƙashinta ba? Da tsamiya ce, da garin duk haka yake."

Akwai wani iri kuma da ta sani, na 'ya'ya maza, wanda ƙofar fitsarinsu ba ta fito a kan gaba ba, sai ta ƙasa, fatar kuma ta tattare a sama har mutane su ce mala'iku ne suka fara yi masa kaciya. Wata shekara da sanyi, an tara yara za a yi musu kaciya a gidan wanzamin garin, sai ga Gwaggo ta kutsa cikin maza, wurin da mace ba ta shiga. Ta kama hannun wani yaro ta fitar da shi daga layi. Wanzami ya ce, "Yaya, wannan kuma aikina ne." Ta ce, "Na sani. Amma wanga ba naka ba ne tukuna. Tela ba ya ɗinki in an yar da ƙyallen." Ta ji daga majo, babban ma'aikacin likitar Gangara, wato ɗan asibitin garin, cewa da wannan fatar ake gyara hanyar a asibiti, in an yanke ta an ƙara wa likita wahala. Uban yaron ya yi fushi don an kunyata shi a bainar jama'a, ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarta. Daga baya ya kai yaron Maraɗi. Ban sani ba ko yaron nan shi ne mai gemun da ya kawo damin hatsi. Ban tambaya ba.

Mijina ɗan wan Baba ne. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, Baba ya riƙe shi, gida ɗaya muka tashi, kuma mu muka ga juna muka ce muna so. Kowa ya yi murna da tuwona maina. Gwaggo kaɗai ta dube ni ranar da aka sa rana kamar za ta yi magana, sai ta ce, "Allah ya sa alheri," ta koma ɗakinta.

Na zo gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Da hantsi na haihu, ranar kasuwar Gangara. Na ji kukan jariri, na ga bayan Gwaggo, ina jiran guɗa. Sai na ji ta ce, "An sauka lafiya. Ku je ku ɗora ruwa."

Da ɗakin ya rage mu biyu, ta zo ta zauna a gefena ta buɗe zanen ta nuna mini. A idona namiji ne, ko kusa da haka. Ta ɗauki yatsana ta ɗora a kan fatar da ke ƙasa, wadda ta yi baƙi fiye da sauran jikin. Ta ce, "Taɓa. Jaka ce ba kowa a ciki, babu 'ya'yan maraina. Ɗiyata, ban san mi Allah ya ba ki ba. Amma na san abin da ke zuwa, kuma ba za mu zauna jiransa ba."

Inna ta riga ta hango abin da ta hango, ta kai wa Baba albishir ɗin namiji. Kafin la'asar an fara rabon goro. Baba bai taɓa samun ɗa namiji da ya rayu ba, ga jika ta wajen 'yarsa kuma ta wajen ɗan wansa. Ya sa aka ɗaure babban ragonsa a ƙofar zaure don kowa ya gani.

A kwana na uku Gwaggo ta same shi a zaure. Ina jin su daga ɗaki, don muryar Baba ba ta ɓoyuwa.

"A ɗaga sunan nan," in ji ta. "Gobe zan kai su Maraɗi."

"Yaya, kin san abin da kike faɗa? Na raba goro har Sae Sabuwa. In ce wa mutane mi?"

"Ka ce jariri ba lafiya."

"Lafiyarsa lau, ina jin kukansa. Kuma ke da bakinki kike hana mai jego taka ƙofar gida kafin arba'in."

"Ni na hana, ni kuma na ce ta fita. Kai kwana bakwai kake lissafi. Ni na goma sha biyu nake tsoro."

Baba ya faɗa mata maganar da har yau yake nadama. Ya ce, "Don naki ba su zauna ba, shi ne ba ki son na wani ya yi suna."

Sannan na ji ta ce, a hankali, "Ragonka ba zai tsufa ba cikin mako biyu." Ta fito ta wuce ɗakinta.

Mijina ne ya raba gardamar. Bai iya yi wa Baba musu ba, bai taɓa yi ba. Amma da safe ya ɗaura wa jaki amalanke ya kawo ƙofar gida, ya shiga zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mini." Muka tafi Gangara, majo ya duba ya rubuta mana takarda, muka shiga mota a Gazawa sai Maraɗi.

A asibiti an ɗebi jini, an ce mu jira wata likitar yara da ke zuwa daga Yamai. Jaririn yana shan nono, yana barci. Har na fara jin haushin Gwaggo a raina, ina cewa ta tayar mana da hankali a banza. Ran kwana tara sai ya fara amai. Ya saki nono, maɗigarsa ta faɗa, fatar cikinsa in ka ja sai ta tsaya a tattare. Cikin yini ɗaya ya zama kamar tsumma. Da a ƙauye muke da sai a ce ciwon maɗiga ne, a nemo saƙe-saƙi. A can kuwa nan take aka sa masa ruwa a jijiya, aka yi masa allura. Gwaggo tana tsaye a bakin gadon tun safe har yamma, ba ta zauna ba sai don salla.

A ƙarƙashin wata bishiyar bedi a harabar asibitin, kwana biyu bayan haka, da jaririn ya sake kama nono, ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba ko daga bakin Inna. Na san dai an taɓa yi mata aure a wani ƙauye wajen Sae Sabuwa, ta yi wabi, ta dawo. Ban san sauran ba. Mijinta ɗan baffanta ne. Haihuwarta ta fari irin tawa ce sak. Aka raɗa masa sunan maza, ya fara amai, ya rasu yana da kwana goma sha uku. Na biyu namiji ne cikakke, ba abin da ya rage a halittarsa, shi ma amai, shi ma bai kai mako uku ba. Na ukun ya zo kamar na farin. Uwar mijinta ta ce ba za a ɓata rago ba, a jira a gani. Ya rasu ba suna. Aka ce tana da iska, mata masu ciki suka daina shiga ɗakinta, har mijin ya gaji ya sallame ta.

"Ban koyi ungozomanci don ina son jini ba," ta ce. "So nake in ga ko ni kaɗai ce. Da na ga ba ni kaɗai ba ce, sai na so in san mi ya haɗa mu." Ta tsinke wani ganye tana murzawa. "Na daɗe ina zargin jini ɗaya ne. Gidajen da na gani, kusan duk auren gida ne. Amma ga auren gida ko'ina, 'ya'yansu lafiya lau. Shi ya sa ranar da aka sa miki rana na kasa magana. In hana ki wanda kike so a kan zato? Ki yafe mini."

Likitar da ta zo daga Yamai Bazabarma ce, Hausarta da gargada, amma ba ta gaggawa. Ta sa aka yi hoton ciki, ta nuna mana wani ɗan abu a allon na'urar ta ce mahaifa ce. Mace na haifa. Ta yi mana bayani da zane a bayan takarda. Akwai wata 'yar tsoka a saman ƙoda mai fitar da sinadaran da ke riƙe gishiri da ƙarfi a jiki. A wurin 'yata ba ta fitar da su, sai take fitar da na maza da yawa tun tana ciki, shi ya sauya mata gaba. Gishirin jikinta kuma zuba yake ta fitsari, shi ne aman da bushewar. Ta ce abin gado ne da ke ɓoye, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake fitowa, kuma ba a kowane ciki ba. Ba laifin kowa ba ne. Za ta sha ƙwayoyi kullum har iyakar rayuwarta, da ɗan gishiri a ruwa tana jaririya. Zancen gyaran gaba kuma ba na gaggawa ba ne, za a zauna a yi shawara.

Gwaggo ta ce, "In namiji ne fa?"

Likita ta dube ta. Ta ce namiji ba a ganin komai a jikinsa, shi ya sa su aka fi rasawa, ba wanda ke zargin wani abu sai sun bushe.

Gwaggo ta gyaɗa kai. Can sai ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "'Yar nan, gishiri kika ce. Wanda ke rataye a madafa. Da na ba nawa gishiri, da sun zauna?"

Likita ta ce, "A'a, Inna. Gishiri kaɗai ba ya riƙe su. Sai da maganin, kuma a zamaninki ba ya nan kusa."

"Ki gaya mini gaskiya."

"Gaskiyar ke nan."

Gwaggo ta ja gefen zanenta ta rufe fuska. Ban ji sautin komai ba. Da ta sauke zanen sai ta ce, "Alhamdu lillahi," ta tashi ta fita wanke kwanonin da ba su da datti.

Ran kwana ashirin da ɗaya aka yanka ragon Baba, aka raɗa sunan mace. Mutane sun yi ta magana, wasu har yau suna yi. Baba bai ba Gwaggo haƙuri da baki ba. Amma da damina ta kusa, shi da kansa ya hau ya sake mata jinkar ɗaki, yana ta faɗan cewa wanda ya yi ta farko bai iya aiki ba, alhali shi ne ya yi ta.

Bayan shekara biyu likitar nan ta zo ƙauyenmu da kanta. Tana bin diddigin irin waɗannan haihuwa, tana son sanin inda suka fi yawa da abin da ke kawo su, don ta ce ba duka ne iri ɗaya da na 'yata ba, wasu har yanzu ba a san dalilinsu ba, ana dai zargin abubuwa da dama, har da magungunan feshin gona, ba a tabbatar ba. Ta zauna a tabarmar Gwaggo da littafinta tun hantsi. Ni ce mai fassara inda Hausa ta gagara. Ban taɓa ganin Gwaggo ta yi magana mai yawa kamar ranar ba. Shekara arba'in tana tara tambayoyi ba wanda za ta yi su da shi. Ta kawo haihuwa ɗaya bayan ɗaya, wace shekara ce ta fari ko ta yunwa, yadda gaban yake, kwana nawa aka yi, iyayen mi suka haɗa. Likita tana rubutu har hannunta ya gaji.

Sai ta ce, "Inna, yanzu ki ba ni sunayen gidajen, in je in ɗebi jininsu."

Gwaggo ta ce, "A'a."

Likita ta yi bayani, ta ce ba za a faɗa wa kowa ba, ta ce in ba a gwada ba ba za a sani ba, kuma akwai jariran da za a ceta. Har ranta ya ɗan ɓaci. Gwaggo ta bari ta gama, ta ce, "Kina son ki san dalili. Ni ma ina so, na riga ki so. Amma farar motarki in ta tsaya a ƙofar gida, kafin ki kai kwalta an san gidan har kasuwar Gazawa. Ke za ki koma Yamai. Su kuwa suna da 'yan mata da za su aurar. Ki ba ni wata biyu."

Da ƙafarta ta bi gidajen, wani ƙauyen tafiyar rabin yini ne, tana fakewa da zuwa barka ko gaisuwar mutuwa. Wasu suka kore ta. Wata mata ta ce mata in ta sake tayar da zancen da aka binne za ta kai ta wurin mai gari. Gida huɗu suka yarda. Su ma ba a ƙauye aka gan su da likita ba, ranar kasuwa suka je Gangara ɗaya ɗaya kamar masu ciwon kai. Ban san abin da binciken ya haifar ba. Likitar ta aiko mata da turmin atamfa, daga baya aka mayar da ita wani wuri, labarinta ya yanke. Gwaggo takan tambaye ni lokaci lokaci, "'Yar Yamai ba ta aiko da abin da ta gano ba?" In ce ba ta aiko ba. Ta ce, "To, tana nan tana nema."

Zagayen nan ya ƙara nesanta ta da mutane. Da can ana jin nauyinta, yanzu aka tabbatar ta san abin da ke ƙarƙashin zanen kowa kuma ba ta manta ba. Ga shi an buɗe ɗakin haihuwa a likitar Gangara, ita da kanta take tura mata can. Aka daina aikowa kiranta. Mu ma muka koma Gazawa saboda aiki da kusancin magani. Takan wuni a bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa, kaji ne abokan hirarta. Ina zuwa duk wata, daga baya ya koma duk wata biyu. Ina da uzuri kowane lokaci, kuma duk na gaskiya ne, amma yanzu ba ko ɗaya da yake yi mini daɗin tunawa.

Zuwana na ƙarshe da sallar layya ne, tare da 'yata, wadda yanzu ta shekara goma sha shida, ta fi ni tsawo. Gwaggo ta sa ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta tana juyawa kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Ta ce, "Kina shan maganinki?" Ta ce tana sha. "Ko ranar da kika ji lafiya lau?" Ta ce ko ranar. Sai Gwaggo ta ce, "In lokacin aurenki ya yi, ki gaya masa da bakinki tun kafin a kawo goro. Wanda ya gudu ya rage miki hanya." Da za mu tafi ta rako mu har bakin rumbuna, iyakar inda ƙafarta ke kai ta. Na waiwaya daga zaure na gan ta tsaye, ta dafa rumbu da hannu ɗaya.

Ya Allah, uku ta ba ka tun suna cikin zane. Ka yalwata mata makwanci, ka mayar mata da su, har da wanda ba a raɗa wa suna ba.

Na sake komawa ƙauye don sadakar arba'in, na ƙara kwana biyu ina kwashe ɗakinta. Da safen da zan tafi, ina ɗaure kaya, sai na ji sallama a tsakar gida. Wata dattijuwa ce daga wani ƙauye na bakin iyaka, da jariri a naɗe a ƙirjinta, wata yarinya mai jego tana biye da ita tana tafiya da ƙyar. Ta ce wa Inna, "Nan ne gidan tsohuwar da ke duba jarirai?"

Inna ta ce, "Ai ta rasu, yau kwana arba'in da biyu."

Matar ta tsaya kamar ba ta ji ba. Sannan ta nemi turmin da ke kife ta zauna a kai, ta ce, "Tun asuba muke tafe. An ce ita kaɗai ce ba ta faɗa."

Ni ba ungozoma ba ce, alli na sani da allo. Na ce su shigo daga ciki. Na buɗe zanen, na ga abin da na taɓa gani sau ɗaya a rayuwata. Na tambayi kwana nawa, suka ce shida, gobe suna. Na waiga gefena don in tambayi abin da ya kamata in fara faɗa musu, ba kowa a wurin sai kwandon reza.

Na kira majo a waya, na aika a nemo mana kabu-kabu biyu. Muna tsaye a bakin hanya muna jira, mai jegon ta jingina da bishiya, dattijuwar ta dube ni da kyau ta ce, "Ke ɗiyarta ce?"

Na buɗe baki zan yi mata bayanin cewa ɗiyar ƙanenta ce ni, ita ba ta bar kowa ba. Sai ga ƙarar babur ta taso daga bayan gonaki.

Na ce, "Ni ce. Miƙo mini jaririn, ki hau."